Shafukan Ƙarshe Na Kundin Ɗalibi: Inda Maganar 'Yan Kasuwar Dogo Ke Komawa Shawara

Duk wanda ke cin kasuwannin kudancin Damagaram, tun daga Dogo zuwa Bande har Magarya, da wuya a ce bai taɓa ganin saurayi ko budurwa riƙe da takarda da biro suna bin rumfa-rumfa suna tambaya ba. Hajiya, nawa kika sari tiyar gero? Alhaji, daga wace fadama ake kawo raken nan? Nawa ake biyan juti ranar kasuwa? Kina cikin adashi? Da yawa daga cikin waɗannan yara ɗaliban jami'a ne da ke haɗa kundin kammala karatu, wanda a Nijar ake kira memuwar. 'Yan kasuwa kan bar ciniki su ba su amsa, su yi godiya su tafi, daga nan kuma sai shiru kamar an aiki bawa garinsu.

A wannan makon mun ga ya dace mu bi sawun waɗannan amsoshi mu ga inda suke ƙarewa, domin kuwa a shafukan ƙarshe na kundin ne, wato babin kammalawa da shawarwari, maganar mai tiya da mai rake ke komawa shawarar da ake miƙa wa hukuma.

Dalilin yawaitar masu tambaya

A da, jami'a ɗaya ce tak ta gwamnati a ƙasar Nijar, wato ta Yamai da aka kafa a 1971, kuma tsakaninta da Damagaram akwai tafiyar kusan kilomita 900. A shekarar 2010 ne aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. Ta Damagaram a yanzu tana ɗauke da sunan marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin kuma masanin tarihi, wanda ya wallafa littafi a 1971 a kan Daular Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma rasu a 2022.

Tunda jami'a ta zo ƙofar gida, kasuwannin da ke kusa suka zama wurin bincike mafi sauƙi ga ɗaliban ilimin ƙasa da zamantakewa da tattalin arziki. Garin Dogo da ke cikin gundumar Mirya, a kan hanyar Magarya, kuma a yankin fadamun Korama da aka sani da noman rake da kayan lambu, yana daga cikin wuraren da ɗalibi zai iya zuwa da safe ya koma makaranta da yamma.

Ba yau aka fara tambayar 'yan kasuwar wannan yanki ba. Bature Heinrich Barth ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, ya kuma rubuta abin da ya gani na fatauci. Haka nan wani Ba'amurke mai suna Stephen Baier ya zauna da dattawan fatake ya ji daga bakinsu, ya fitar da littafi a 1980 a kan tarihin tattalin arzikin yankin, inda ya yi bayani a kan manyan attajirai irin su Malam Yaro. Bambancin kawai shi ne, yanzu 'ya'yanmu ne ke yin tambayar, kuma da kuɗin iyayensu ake buga kundin.

Me ake nema a babin ƙarshe?

Kundin bincike kamar ranar kasuwa yake. Gabatarwa ita ce fitowa da kaya da safe, tsakiyar kundin ita ce cinikin yini, babin ƙarshe kuwa shi ne lissafin da ake yi bayan an tashi: ga uwar kuɗi, ga riba, ga bashin da ke waje, ga kayan da suka yi kwantai, ga kuma abin da za a saro gobe. Duk ɗan kasuwar da ya iya wannan lissafi zai iya gane kundi mai kyau idan an karanta masa ƙarshensa da Hausa.

Wani abin lura shi ne, magajin gari ko jami'in ƙungiyar agaji ko ma'aikacin gwamnati da kundi ya faɗo hannunsa, da wuya ya zauna ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Abin da aka saba shi ne a duba taƙaitawa, sannan a tsallaka zuwa shawarwari. Ke nan idan waɗannan shafuka suka karkace, duk wahalar da ɗalibi ya sha a rana, da lokacin da 'yan kasuwa suka ba shi, sun tafi a banza. Abin takaicin kuma shi ne, wannan babi ne aka fi rubutawa cikin gaggawa, lokacin da kuɗin guzuri ya ƙare kuma ranar tsayawa gaban malamai ta matso.

Ma'auni na farko: an amsa tambayar da aka fito da ita?

Mu ɗauka ɗaliba ta buɗe kundinta da tambayar dalilin da ya sa mata masu sayar da rake a Dogo ba sa samun riba mai yawa. Idan muka je ƙarshe muka tarar tana bayani a kan muhimmancin noma ga ci gaban ƙasa, to ta tafi sayen gishiri ta dawo da kanwa. Gyaran a nan mai sauƙi ne. Ta ajiye shafin farko kusa da na ƙarshe, ta bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ba ta amsa a layi biyu ko uku: kuɗin mota ne ke cinye ribar, ko bushewar rake kafin ya ƙare, ko kuwa bashin da ake ɗauka a hannun dillali. Duk maganar da ba ta amsa wata tambaya ba, a cire ta. Haka kuma ba a kawo sabon zance a babin ƙarshe wanda ba a auna shi a cikin kundin ba, kamar yadda ba a sa kuɗin da ba a karɓa ba a lissafin yamma.

Ma'auni na biyu: kada baki ya fi tiya girma

A ce ɗalibi ya zanta da mata 40 a kasuwa ɗaya, a cikin wata ɗaya. Abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne abin da matan nan 40 suka shaida masa. Amma sau da yawa sai a ga a ƙarshe an rubuta cewa matan Nijar kaza da kaza. Wannan daidai yake da mutum ya ɗanɗana hatsin bakin buhu ɗaya ya yanke wa mota guda farashi.

Akwai misali mai kyau daga wannan yanki namu. A 2006 wasu masana uku, Mahamane Larwanou da M. Abdoulaye da Chris Reij, sun zagaya gundumomin Mirya da Magarya da Matamaye, suka tarar manoma sun raya itatuwa, musamman gawo, a cikin gonakinsu, a fili mai faɗin da suka ƙiyasta ya kai kimanin hekta miliyan 1. Wannan ya saɓa wa abin da aka daɗe ana faɗa cewa itatuwa ƙarewa kawai suke yi. Duk da girman abin da suka gano, sun bayyana aikin nasu a matsayin leƙen farko da ke buƙatar ƙarin bincike. Idan manyan masana za su faɗi iyakar abin da suka auna, ɗalibi ma bai kamata ya ji kunyar rubuta cewa kasuwa kaza kawai ya je, a wata kaza, kuma mutum kaza ne suka yarda suka amsa masa ba.

A nan ma 'yan kasuwa na da nasu alhakin. Kowa ya san akwai mai rage adadin cinikinsa don tsoron haraji, akwai kuma mai ƙara kukan talauci don yana zaton tallafi za a kawo. Amsar da aka karkatar a rumfa, a karkace za ta fito a shawara. Wanda bai natsu ba yana da damar ya tambayi ɗalibin takardar makarantarsa da abin da za a yi da amsar, ko ma ya ce ba zai amsa ba, wanda hakan ya fi a ba da amsar ƙarya.

Ma'auni na uku: wane lokaci aka yi binciken?

Farashin kaka daban, na bazara daban, na tsakiyar damina kuma daban. Bayan wannan, kasuwannin kudancin Damagaram da iyakar Nijeriya suke numfashi. Idan mai karatu bai manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 ta buɗe guda huɗu, ciki har da ta Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyaka saboda takunkumin ƙungiyar ECOWAS, wanda aka ɗage a Fabrairun 2024, Nijeriya kuma ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na shekarar. A tsakanin nan darajar Naira ta faɗi ƙwarai a gaban Sefa. Duk binciken da aka yi a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, wajibi ne babin ƙarshe ya faɗi haka ƙarara, don kada a ɗauki hoton ranar rufe iyaka a ce haka kasuwa take kullum. Ɗalibi zai kuma iya gwada farashin da ya tattara da na hukumar SIMA, wadda ke bin farashin kayan gona a kasuwannin ƙasar.

Ma'auni na huɗu: an duba inda matsalar take?

Shekarar 2005 ta bar darasin da bai kamata a manta ba. Bayan fari da fara na 2004, an ƙiyasta gibin hatsi a Nijar da kimanin tan dubu 223, adadin da masu lissafi da dama ba su ga zai kai ga babbar masifa ba. Amma da damina ta shigo, sai ga yara na galabaita a jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda su ne rumbun ƙasar, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a shekarar. Hatsi na nan jibge a kasuwa, sai dai farashinsa ya fi ƙarfin talaka, dabbobin da zai sayar ya saya kuma sun faɗi warwas, ga tsada a Nijeriya tana jan hatsi zuwa kudu. An auna abin da gona ta bayar, ba a ba farashi da aljihun mai saye nauyin da ya kamata ba. Da an saurari mai awo a kasuwa da kyau, da ta faɗi wannan tun da wuri, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ma'auni na biyar: shawara ga wa?

Shawarar da aka fi gani a ƙarshen kundaye ita ce, gwamnati ta taimaka wa mata da jari, a kuma wayar da kan jama'a. Irin wannan magana ba ta ɗaure kowa. Shawara mai amfani ita ce wadda ta fito daga abin da aka gano, ta ambaci wanda zai yi aikin, da abin da zai yi, da kuma inda kuɗin zai fito. Idan an gano cewa rana ce ke lalata tumatir, sai a ce ma'aikatar magajin gari ta ware wani kaso na jutin da take karɓa ta kafa rumfuna a layin masu kayan miya. Idan an gano dillali ne ke cin ribar, sai a duba ko matan za su iya haɗa kuɗi su saro kai tsaye daga fadama. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashe da dama ne saboda an gina shi a kan adashin da mata suka riga suka iya. Shawara uku da za a iya aiwatarwa sun fi ashirin da za su kwanta a kabad.

Kira ga iyaye da malamai da shugabannin kasuwa

Uwar da ta sayar da ƙuli-ƙuli ko ta ɗauki adashi ta biya wa ɗanta kuɗin buga kundi tana da haƙƙin ta ji abin da ke ciki. Muna ba iyaye shawara, kafin yaro ya kai kundin a ɗinke, a zaunar da shi ya fassara shafukan ƙarshe da Hausa. A tambaye shi: me ka je nema, me ka samo, mutum nawa ka tambaya, kuma wa kake so ya yi me? Idan ya kasa amsawa a tsakar gida, to zai sha wuya a gaban malamai. Gara a gyara tun da sauran lokaci, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma malaman jami'a, muna roƙon su riƙa ƙarfafa wa ɗalibai komawa kasuwar da suka yi bincike su karanta wa mutanen sakamakon kafin a rufe kundin. Sarkin kasuwa da shugabar mata za su iya tara mutane na rabin awa bayan la'asar. A irin wannan zama ne mai rake zai ce wannan lissafin na kaka ne, mai awo ta ce an manta da kuɗin dako, ɗalibi kuma ya koma ya gyara. Shugabannin kasuwa ma na iya sa wannan ya zama sharaɗi tun ranar da ɗalibi ya zo neman izini, su kuma nemi a bar musu kwafi ɗaya, domin ranar da za su je gaban magajin gari da koke, takarda a hannu ta fi dogon bayani.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu.