Haƙuri da zaman jira a addinin Kirista: Abin da Chibok ta nuna

A daren 14 ga watan Afrilun 2014 ne 'yan ƙungiyar Boko Haram suka kutsa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Chibok, a kudancin jihar Borno, suka yi awon gaba da ɗalibai 276.

Guda 57 sun kuɓuta tun a kwanakin farko. An sako wasu 21 a watan Oktoban 2016, sannan 82 a watan Mayun 2017, bayan da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka shiga tsakani.

Amma lokacin da aka cika shekara goma da aukuwar lamarin a 2024, fiye da 80 ba su koma gida ba, kuma wasu iyayen sun rasu ba tare da sun sake ganin 'ya'yansu ba.

Akwai Musulmi a cikin 'yan matan, sai dai akasarinsu 'ya'yan mabiya Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wadda aka fi sani da EYN, majami'ar da ke gudanar da ibadunta da yawa cikin harshen Hausa.

To shin wane guzuri addinin Kirista ya tanadar wa mutumin da ya samu kansa cikin irin wannan jira, wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba?

Kalmomi biyu

Da harshen Girkanci aka rubuta sashen Littafi Mai Tsarki da Kiristoci ke kira Sabon Alkawari, kuma akwai kalmomi biyu a cikinsa da ke ɗauke da ma'anar haƙuri.

Ta farko ita ce hupomone, wato mutum ya tsaya daram ƙarƙashin kaya mai nauyi, kada ya yar da shi ya gudu. Wannan shi ne haƙuri da halin da aka shiga, kamar ciwo ko fatara ko tsanantawa, kuma Hausa na kiransa jimiri.

Ta biyu kuwa ita ce makrotumiya, wato jinkirin fushi. Shi kuma wannan haƙuri ne da mutane, musamman waɗanda suka yi cuta.

Malaman Kirista na haɗa waɗannan da abin da suke kira bangaskiya da bege. A wurinsu bege ya wuce fatan alheri kawai, yana nufin dogaro ga alkawarin da suka yi imani Allah ya yi, ko da babu wata alama a fili da ke nuna cikarsa.

Labaran da aka sani

Mafi yawan misalan da ake kafa hujja da su ba baƙi ba ne ga Musulmi, domin kuwa labaran annabawa ne, ko da yake akwai bambanci a yadda littattafan addinan biyu suka kawo su.

A ruwayar Littafi Mai Tsarki, Annabi Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, bai kuwa samu Ishaƙa ba sai da ya kai shekara 100.

Annabi Yusuf yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, kuma yana da 30 ya fito daga kurkuku ya tsaya gaban Fir'auna. Su kuwa Bani Isra'ila shekara 40 suka yi a jeji kafin su shiga ƙasar da aka alkawarta musu.

Ɗaya daga cikin wasiƙun Sabon Alkawari, wadda ake dangantawa da wani jagoran Kiristocin farko mai suna Yaƙub, ta kwatanta mai bangaskiya da manomin da ke jiran ruwan farko da na ƙarshen damina.

Masu wa'azi kan tsaya a kan wannan misali, saboda manomi ba shi da iko a kan hadari, amma hakan bai hana shi sharar gona da shuka da noma ba. Wato ke nan jiran da ake nufi jira ne da fartanya a hannu.

Kuka ba saɓo ba ne

Kamar yadda yake a wurin Musulmi, Annabi Ayuba shi ne babban abin misali a fagen haƙuri.

Sai dai littafin da ke ɗauke da sunansa, mai babi 42, ya nuna shi yana kokawa ƙwarai, yana neman sanin dalilin abin da ya same shi. Abokansa uku suka dage cewa lallai wani zunubi ya aikata, amma a ƙarshen labarin su aka tsawata wa.

Haka nan cikin waƙoƙi 150 da ke littafin Zabura na Kiristoci da Yahudawa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na makoki ne, inda mai addu'a ke tambayar Allah ko sai yaushe zai kawo ɗauki.

Don haka a koyarwar majami'u da dama, uwar da ke zubar da hawaye saboda 'yarta ba ta fita daga da'irar masu haƙuri ba. Abin da ake gudu shi ne yanke ƙauna daga rahamar Allah, abin da shi ma addinin Musulunci ya yi hani da shi.

Jira a cikin kalanda

Majami'u irin su Katolika da Angilika da Lutaran sun keɓe wasu lokuta na shekara domin koyon jira, ko da yake ba dukkan ɗariƙun Kirista ne ke kiyaye su ba.

Akwai lokacin Adbent, wanda ke farawa ranakun Lahadi huɗu kafin Kirsimeti. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin zuwa, kuma a cikinsa ake tunawa da jiran haihuwar Annabi Isa Alaihissalam, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu, da kuma jiran komowarsa a ƙarshen zamani.

Akwai kuma azumin kwana 40 da ke farawa ranar Larabar Toka ya kai ga bikin Ista.

A ƙarshensa ne ake samun ranar da ta fi kowacce kama da halin iyayen Chibok. A aƙidar Kirista, wadda ta saɓa da ta Musulmi a nan, an gicciye Almasihu ranar Juma'a, ya tashi ranar Lahadi.

Asabar ɗin da ke tsakani rana ce ta shiru, wadda a ruwayarsu almajiransa suka yi ta cikin tsoro ba tare da sanin abin da gobe za ta haifar ba. A majami'un Katolika ba a gudanar da babbar ibada da rana, kuma akan bar bagadi babu ado har dare ya yi.

Malaman arewacin Afirka

Wani abin lura shi ne, daga nahiyar Afirka ne rubuce-rubucen farko da aka keɓe wa batun haƙuri suka fito.

Wajajen shekara ta 200 miladiyya, Tartuliyan na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta littafi a kan haƙuri. Bishop Sifiriyan na wannan birni ya rubuta nasa a 256, shekara biyu kafin hukumomin daular Rum su fille masa kai.

A zamanin Sifiriyan an yi wata annoba da ta hallaka jama'a da yawa, kuma marubucin tarihinsa ya ce ya umarci mabiyansa da su yi jinyar marasa lafiya, har da waɗanda ba Kiristoci ba.

Dukkansu biyu sun kafa hujja da cewa Allah da kansa mai haƙuri ne, yana saukar da ruwa ga mai biyayya da mai saɓo, saboda haka sakayya tasa ce, kuma bawa ba shi da hurumin ɗaukar fansa.

Jarrabawa a arewa maso gabas

A kan irin wannan tushe aka gina EYN. Wasu mishan daga Amurka ne suka kafa ta a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, a 1923, kuma asalin ɗariƙar daga Jamus yake, inda aka kafa ta a 1708 bisa aƙidar ƙin ɗaukar makami.

A ƙarshen watan Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, abin da ya tilasta wa shugabanninta komawa Jos na wani lokaci. An ƙona ɗaruruwan majami'unta, kuma dubban mabiyanta sun rasa rayukansu, kamar yadda dubban Musulmin yankin su ma suka rasa nasu.

A watan Janairun 2020 aka kashe ɗaya daga cikin limamanta, Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, bayan an yi garkuwa da shi.

Ita ma Leah Sharibu, wadda aka sace tare da sauran ɗaliban makarantar Dapchi ta jihar Yobe a watan Fabrairun 2018, an riƙe ta bayan an maido da 'yan'uwanta. Waɗanda suka dawo sun ce ta ƙi barin addininta ne, kuma har aka cika shekara bakwai a 2025 ba ta koma gida ba.

Duk da haka shugabannin EYN sun ci gaba da hana mabiyansu ramuwa. Majami'ar ta riƙa raba abinci da iri ga 'yan gudun hijira, kuma wani jami'inta ya jagoranci kafa matsuguni a Gurku, jihar Nasarawa, inda Kiristoci da Musulmi ke zaune tare.

A 2016 aka ba ta lambar yabo ta zaman lafiya a Jamus, tare da wata ƙungiyar Kiristoci da Musulmi mai suna CAMPI da ke aiki a Mubi.

Haƙurin kan yi yawa?

Sai dai ba kowane Kirista ne ke ganin lamarin haka ba.

Bayan harin bam da aka kai majami'ar Katolika ta Madalla, kusa da Abuja, ranar Kirsimetin 2011, shugaban CAN na lokacin, Fasto Ayo Oritsejafor, ya yi gargaɗin cewa Kiristoci za su kare kansu idan hare-haren suka ci gaba.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce. A 1963, daga kurkukun Birmingham a Amurka, Rabaran Martin Luther King ya mayar wa wasu malaman addini farar fata martani, bayan sun nemi baƙar fata su ƙara haƙuri. Ya ce a gogewarsu, kiran a jira kan zama hanyar hana haƙƙi har abada. Amma shi ma bai yarda da ɗaukar makami ba.

Masu wannan ra'ayi na cewa haƙurin da bawa ke yi da hukuncin Ubangijinsa daban ne da shirun da mahukunta ke so talaka ya yi.

Da alama dai iyayen 'yan matan Chibok sun riƙe bambancin. Sun yi addu'o'i da azumi, sun kuma kafa ƙungiya, sun yi tattaki zuwa Abuja, sun gana da shugabannin ƙasa biyu, Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, suna neman a cika alkawarin da aka yi musu.

Bahaushe kan ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo. Wasu daga cikin iyayen sun rungumi 'ya'yansu bayan shekara uku, wasu sai bayan shekara tara ko goma, wasu kuwa an binne su suna jira.