Neman Rufin Tamfol Ga Tsohuwar Land Rover A Sanyinna

Tsohuwar Land Rover gaɓa-gaɓa take tsufa. Injin yana iya tashi bayan shekara 40 idan ya samu bakanike mai haƙuri, bodin kuma na alminiyam ne, tsatsa ba ta cinsa. Abin da ke fara sallamawa shi ne rufin tamfol. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, rana ce ke fara gasa shi, hunturu ya busar da zaren ɗinkin, sannan iskar farkon damina ta zo ta ƙarasa aikin. Wanda ya gaji irin wannan mota a Sanyinna, yake son ta ci gaba da kai buhunan shinkafa da albasa daga fadama zuwa bakin titin Sakkwato zuwa Jega, zai tarar cewa samun fistin ya fi samun rufi sauƙi.

Dalilin yana cikin tarihin motar. Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna ta ga duniya ranar 30 ga Afrilun 1948 a baje kolin motoci na Amsterdam. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila, shi ya sa aka ƙera bodin da alminiyam. Don manoma aka yi ta, kuma a farkon fitowarta ko rufin tamfol ɗin ma sai mai saye ya ƙara kuɗi ake ba shi. Daga baya ta zama motar jami'an mulki, da malaman gona, da malaman dabbobi, da 'yan sanda a faɗin Arewa, har aka riƙa haɗa ta a cikin Nijeriya, a masana'antar Leyland ta Ibadan. Ta ƙarshe a wannan zuri'a ta fito daga masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairun 2016.

A tsawon waɗannan shekaru 68 motar ta sauya jiki sau da yawa, ko da yake daga nesa duk kamarsu ɗaya. A nan ne mai neman rufi yake faɗawa rami. Ta farko tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya inci 80 ce. Aka zo da masu 86 da 107, sannan daga 1956 aka koma 88 da 109, wato gajeriya da doguwa. A 1958 samfurin Series II ya fito da bodi mai ƙarin faɗi, don haka rufin wadda ta gabace ta ba ya hawa kanta ko da tsawonsu ɗaya ne. Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985, ita ce aka fi cin karo da ita a garejojinmu. Su kuwa 90 da 110 da suka biyo baya, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990, gilashinsu na gaba ya fi tsawo, bakin tamfol ɗin Series ba ya zama a kansu. Ga kuma bambancin cikakken rufi, mai tasowa tun daga gilashin gaba har ƙofar baya, da rufin baya kaɗai irin na akori-kura, inda direba ke da nasa ɗakin daban.

To ina ake samunsa? Mai nema yakan fara da garejojin Sakkwato, ya aika saƙo Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani har Ladipo a Legas. A waɗannan kasuwanni ana iya dacewa da giya, ko ƙofa, ko gilashi, saboda ƙarfe yana jiran mai saye shekara da shekaru. Tamfol ba ya jira. Wanda aka ciro daga matacciyar mota ya sha ranar da naka ya sha.

Sabo fil yana nan a Ingila. Kamfanoni irin su Exmoor Trim da ke yankin Somerset har yanzu suna ɗinka wa kowane samfuri nasa, da kalar ƙasa ko koriyar soja. Sai dai farashin da fam ake biyansa, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 lissafin ya ƙara nauyi. Ga mai tara tsofaffin motoci don sha'awa a Abuja, wannan ba komai ba ne. Ga motar da ke neman abinci a hanyar Kebbe da Kuchi, ba hanya ba ce.

Hanyar da ta dace da aljihu tana kusa, wajen masu ɗinkin tamfol, waɗanda ke yi wa Keke Napep riga, su ɗinka rumfar biki da murfin manyan motoci. Suna da keken da ke huda yadi mai kauri, suna kuma da hannu. Abin da ba su da shi shi ne awon motar da ta girme su. Shi ya sa tambayar farko da gwani zai yi ita ce: "Alhaji, ina tsohon?" Tsohon rufin, komai yagewarsa, shi ne awo. A warware ɗinkinsa, a shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabon yadi, a zana, a yanka. Abin takaici ne yadda ake mayar da shi shimfiɗar shanyar barkono ko inuwar awaki kafin a tuna da amfaninsa.

Haka ma ƙarafan da ke ɗauke da rufin. Su ne ke ba tamfol siffarsa, kuma su ne 'yan gwangwan suka fi saurin saye a kan kilo. Mai walda zai iya lanƙwasa bututu ya yi wasu, amma idan ƙarfe ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da inci guda, ruwa zai samu wurin kwanciya a saman rufin, nauyinsa ya buɗe ɗinki. Wajibi ne a fara gyara ƙarafan, a goge tsatsa, a shafa fenti, sannan tela ya yi awo a jikin motar kanta.

Sai zaɓen yadi, wanda a nan ne arha ke yaudarar mutane. Tamfol na roba ba ya yoyo, kuma ya fi sauƙin samu, amma ba ya numfashi. Da tsakar ranar bazara fasinjan da ke ƙarƙashinsa kamar a tanda yake, kuma rana tana sa shi ya bushe ya tsattsage a wuraren lanƙwasa. Na auduga mai kauri, irin na tantin soja, dabararsa daban ce: idan ruwa ya taɓa shi zaren yana kumbura ya toshe ƙofofin saƙar, idan ya bushe iska ta ci gaba da ratsawa. Ga wannan yanki, inda watannin rana suka ninka na ruwa, shi ya fi dacewa ko da ya fi tsada. Zaren ɗinki kuma ya zama na foliyesta, domin na nailan ba ya jure rana, yakan ruɓe yadin yana nan da ƙarfinsa. Tagar leda mai haske a baya tana taimaka wa direba, amma ita ce ke fara yin ja ta fashe, don haka gara a ɗinka ta yadda za a iya cire ta a sauya ba tare da an taɓa sauran rufin ba.

Ɗaura shi ma yana da ƙa'ida. Auduga tana tsukewa idan ta jiƙe ta bushe, saboda haka tela ya bar ɗan rara a awo. A ɗora rufin da rana tsaka lokacin da yadin ya yi laushi, a fara da bakin gilashin gaba, a bi da igiya ta ƙugiyoyin gefen bodi ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. A watsa masa ruwa, a bar shi ya bushe a kan ƙarafan, sannan a ƙara ɗaurewa. Idan an naɗe gefunan don shan iska a hanya, kada a bar su a naɗe suna jiƙe, domin a watan Agusta kwana kaɗan ya isa su yi fumfuna.