Ɗan Asalin Kamaru Da Ya Bar Suna A Jami'ar Nebraska

A jami'o'in Amurka akwai wata ƙwallo ta cafke da ture-ture. A nan Ndamukong Suh, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya yi fice a Nebraska. Aikinsa tare hanya da kayar da mai ƙwallo. A 2009 kamfanin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon shekara, ɗan wasan baya na farko da ya samu haka.

Abin da ya fi burge mu, a 2010, tun bai karɓi albashin ƙwararru ba, ya yi wa makarantar alƙawarin dala miliyan 2.6. Ku 'yan kasuwa kun san nauyin alƙawari da kuɗin da ba su shigo hannu ba. Dala 600,000 a ciki na tallafin ɗaliban injiniya ne.