Wa Zai Biya Diyyar Hannun Da Inji Ya Cinye?

Daga Wakilinmu a Zariya

Duk wanda ya ratsa Sabon Garin Zariya da hantsi, tun daga wajen tashar jirgin ƙasa har ya miƙa hanyar Samaru, ba abin da zai cika masa kunne sai kukan injuna. Ga masu tsaga katako, ga masu niƙa, ga gidajen burodi, ga masu walda da masu buga bulo. Jama'a masu yawa da waɗannan injuna suke ci da iyalinsu, amma kuwa kowane ɗaya daga cikinsu yana iya raba mutum da yatsunsa, ko hannunsa ɗungurungum, cikin ƙiftawar ido.

Idan haka ta faru, kowa ya san abin da aka saba yi. Maigida ya kai wanda ya ji raunin asibiti, ya biya kuɗin magani, ya ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, dattawa su taru su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Kafin ciwon ya warke an ɗauki wani a gurbinsa. Shi kuwa sai ya koma gida da dungu, ga mata ga 'ya'ya, bai san cewa akwai dokar ƙasa da ta yanka masa haƙƙi wanda ya fi abin da aka ba shi nesa ba kusa ba.

Asalin Dokar

Aikin albashi ya daɗe a wannan yanki. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari kuma ya bunƙasa a gefen tashar. An buɗe gonar binciken aikin gona a Samaru a 1922, kamfanin taba ya kafa masana'antarsa a Zariya a 1959, sa'an nan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk inda aka tara leburori da injuna kuwa, ba a rasa haɗari.

A ƙasashen Turai, Jamus ce ta fara tsara inshorar haɗarin aiki a 1884, Ingila ta yi tata dokar diyya a 1897. A Nijeriya Turawan mulki sun kafa dokar farko a 1941, aka yi ta aiki da ita har gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sauya ta da Doka mai lamba 17 ta 1987. Bisa ga dokar 1987, wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa albashin wata 54 a dunƙule, in kuwa mutuwa ce a ba magadansa albashin wata 42. Aibin wannan tsari shi ne, nauyin biyan yana wuyan mai ba da aiki ko kamfanin inshorarsa, saboda haka sau da yawa sai an kai ruwa rana, wani lokaci har gaban alƙali. In ma an biya, kuɗin dunƙule ba su da wuyar ƙarewa, nakasa kuwa tana nan.

Abin Da Dokar 2010 Ta Tanada

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta soke ta 1987. An danƙa aiwatar da ita ga Hukumar Asusun Inshorar Ma'aikata ta Nijeriya, watau NSITF, mai hedkwata a Abuja. Tsarin kamar adashi ne na masu ba da aiki. Kowane mai ba da aiki zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata a cikin asusu guda, daga nan ne ake biyan duk wanda tsautsayi ya faɗa wa. Dokar ta hana a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan zubi, ta kuma hana a sa shi ya sa hannu a kan yarjejeniyar yafe haƙƙinsa.

Har ila yau, ba a bukatar ma'aikaci ya tabbatar da cewa sakacin maigidansa ne ya jawo haɗarin. Muddin a bakin aiki ko saboda aikin ya ji raunin, diyya ta tabbata. Hatta haɗarin da ya same shi a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki. Ke nan masinjan da ya taso daga Sabon Gari zuwa ofishinsa a Samaru, mota ta kaɗe shi, dokar ta san da zamansa. Akwai kuma cututtukan da aiki ke jawowa, da kurumtar da ƙarar inji ke haddasawa.

Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasarsa ta wani sashe ce, kamar rasa yatsu ko ido guda, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu, a biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan. Biyan yana ci gaba har ya kai shekara 55, ko lokacin da hukumar ta gamsu cewa da shi ne zai yi ritaya in ya wuce haka. Ban da wannan, hukumar tana da ikon ɗaukar nauyin magani, da samar da hannu ko ƙafar roba, da koya masa wata sana'ar da zai iya.

Don a gane bambancin, mu ƙaddara ga wani saurayi ɗan shekara 30, yana karɓar Naira 70,000 a wata, watau mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024. Abin da maigidansa zai zuba saboda shi Naira 700 ne kacal a wata. In ya nakasa gaba ɗaya, a lissafin tsohuwar doka Naira 3,780,000 zai karɓa sau ɗaya, shi ke nan. A sabuwar doka kuwa Naira 63,000 ce duk wata har shekara 25, jimla Naira 18,900,000.

Inda Gizo Ke Saƙa

To, in doka ta yi wannan tanadi, me ya sa ake ganin nakasassun ma'aikata hannu rabbana? Dalili na farko shi ne rajista. Mutane da yawa suna zaton dokar ta manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati ce kaɗai. Alhali kuwa ta ambaci ma'aikacin wucin gadi, da ɗan koyo, da leburan yini, da yaron gida wanda ba ɗan'uwan maigida ba, ko da yarjejeniyarsu ta baka ce. Amma takardun neman diyya ta hannun mai ba da aiki suke bi, in kuwa bai yi rajista ba, bai taɓa zubi ba, al'amarin sai ya yi wa ma'aikacin tsauri.

Na biyu shi ne wa'adi. Wajibi ne ma'aikaci, ko wani a madadinsa, ya sanar da maigidansa cikin kwana 14. Shi kuma mai ba da aiki an ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyya kuwa sai a shigar da ita cikin shekara guda, sai fa in akwai uzuri mai ƙarfi, wanda zai iya kai wa'adin shekara uku. Mutumin da ke kwance a asibitin koyarwa na Shika, ko aka wuce da shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, ba ta takarda yake yi ba, danginsa kuma ba su san da wa'adin ba. Wanda kuwa aka kai gidan mai ɗori, ya fito ba shi da shaidar likita da zai nuna.

Na uku, kuma mafi wuyar magani, shi ne kunya. Ma'aikaci yana ganin neman diyya kamar ƙarar ubangidansa ce, ko kuwa rashin yarda da ƙaddara. Wannan kuskure ne. A tsarin yanzu asusu ne ke biya, maigidan da ya yi zubinsa ba ya hasarar kome. Ta fuskar addini kuma, duk almajirin da ya karanta Risala a zaurukan birnin Zariya ya san shari'a ta yanka wa gaɓoɓi diyya: hannu guda rabin diyyar rai, kowane yatsa raƙuma goma. Yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana karɓar haƙƙi ba.

Abin Yi

Ya kamata kowane ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya tambayi ofishinsa ko shugabannin ƙungiyarsa tun yana da lafiya, shin an yi masa rajista, ana kuma zubin? In haɗari ya auku, a rubuta sanarwa nan da nan, a ajiye kofi, a riƙe takardun asibiti da sunayen shaidu. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ƙungiyoyin masu sana'a na Sabon Gari da Samaru, irin su na masu katako da masu burodi, su ne suka fi dacewa su haɗa 'ya'yansu su yi rajista. Ɗalibai kuma, waɗanda gobe su ne manajoji da akawuna da injiniyoyi, akwai maƙwabci ko ɗan'uwa da ba ya iya karanta wannan shafi, sai su daure su karanta masa. Allah ya tsare mu da tsautsayi, amin.