Bataliya, birged da runduna: wace ce ta fi girma?

Jama'a, a labaran Hausa komai "runduna" ake ce masa, ko soja 30 ne ko dubu 10. Shi ya sa da zarar an yaɗa a WhatsApp cewa an turo runduna unguwa kaza, sai mutanenmu su fara kulle shaguna, alhali wataƙila mota biyu ce ta wuce. Bari in ɗan warware yadda abin yake.

Sojojin da kuke gani a shingen hanya galibi ƙaramin sashe ne, mutum kamar 10, kofur ko saje ke riƙe da su. Uku irinsu su ne filatun, wajen mutum 30 a hannun laftanar. Filatun uku ko huɗu kuma su ba da kamfani. Ba kamfanin kasuwanci ba fa, soja ɗari da ɗoriya ne ƙarƙashin manjo ko kyaftin.

Bataliya ita ce wadda ya kamata mu fi sani. Kamfanoni ne aka haɗa, soja ɗaruruwa, shugabansu laftanar kanar, suna da barikinsu da yankin da suke kula da shi. Mu da muke sauke shanu daga Arewa, in aka tsare mota aka hana ta tafiya dabbobi suna galabaita, cacar baki da kofur ba ta fitar da kai. A nemo sunan bataliyarsu, Sarkin Hausawa ko shugaban kara ya kai kuka wurin kwamandanta. Shi ne mai iya cewa a saki.

Sama da ita birged ce, bataliya kamar uku, da birgediya janar. Akwai Birged ta 9 a Ikeja, ta 14 a Ohafia, jihar Abia.

Daga nan sai dibishan, ita ce ta cancanci a ce mata babbar runduna, manjo janar ke jan ta. Ta 81 tana Legas, ta 2 Ibadan, ta 82 Inugu, ta 6 Fatakwal. Lambar nan suna ne kawai, ta 81 ba ta fi ta 2 girma don lamba ba.

"Dakaru" kuwa a Hausar kakanni mayaƙan ƙasa ne, na kan doki su ne barade. Yanzu rediyo ta mayar da kowane soja dakare, har da na jirgin sama.