Daga "Su" Zuwa "Masunta": Darasin da Ya Kamata Ya Sauko Firamare a Ƙasar Haɗeja

A makarantun firamare na ƙasar Haɗeja, daga cikin gari har Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, karatun Hausa yakan fara ne da baƙi da wasali, sannan gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Hanyar ba ta da laifi. Hausar boko kusan yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, don haka yaron da ya riƙe gaɓa zai iya harhaɗa yawancin kalmomi. Cikas ɗin yana zuwa ne a aji uku ko huɗu, lokacin da ya ci karo da doguwar kalma irin "masarautunsu". Sai ka ji yana tsintar ta gaɓa-gaɓa kamar mai tsintar shinkafar da ta zube a masussuka, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. Ya furta dai, amma ma'ana ta kuɓuce masa.

Abin da ba a nuna masa ba shi ne doguwar kalma guntaye ce aka haɗa, kuma kowane guntu da saƙonsa. Masana suna kiran wannan fanni ƙirar kalma: akwai saiwa, akwai ɗafa-goshi da ke zuwa gaba, da ɗafa-ƙeya da ke zuwa baya, da ɗafa-ciki. Ɗalibi ba ya jin waɗannan sunaye sai a sakandare ko kwalejin ilimi, a matsayin abin hadda don jarrabawa. A ganina an makara. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya bukatar sunayen, amma aikin yana bakinsa tun kafin ya shiga aji.

A ɗauki ɗan masunci daga bakin kogin Haɗeja. Ya san "su", ya san babansa masunci ne, ya san shi da abokan sana'arsa masunta ne. Idan malami ya rubuta kalmomin uku a allo, ya ja layi ƙarƙashin "ma", sannan ya jera manomi, maƙeri, majemi da maɗinki, yara da kansu za su gano cewa wannan "ma" mai yin aiki yake nunawa. Washegari a kawo mabuɗi, makulli da magirbi, su ga ga shi kuma yana nuna kayan aiki. Rana ta uku a kawo masallaci, mahauta da makaranta, inda yake nuna wuri. Guntu ɗaya tak, amma ya buɗe wa yaro kalmomi masu ɗimbin yawa, har da waɗanda bai taɓa gani a rubuce ba.

A cikin wannan darasi akwai wani sirri da ke gyara rubutu. Me ya sa ake cewa masunci amma masunta, marubuci amma marubuta? Saboda a Hausa "t" takan koma "c" idan "i" ko "e" ta biyo ta, kamar yadda "s" take komawa "sh". Shi ya sa muke da Hausawa amma Bahaushe. Sunan garin ma darasi ne: Bahaɗeje, Haɗejawa, Haɗejanci. Yaron da ya ga wannan jeri zai karanta Bakatsine, Katsinawa da Katsinanci ba tare da ya tsaya ba.

Aikatau kuwa nan ne Hausa ta fi gwaninta. Masanin nan Bature F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa aji bakwai a shekarar 1960, kuma har yau da wannan tsari ake aiki a jami'o'i. Amma a kasuwar kifi ta Haɗeja ba mai bukatar lacca kafin ya bambance saya, sayo, saye, sayar da sayu. Ƙarshen kalma kawai ya sauya, ciniki ya juya. Haka kama, kamo, kame da "kifi ya kamu".

Sai dai malami ya yi hattara da abu biyu. Ba kowane "ma" ba ne ɗafi: na mage da na madara jikinsu ne, ba a cire su. Sannan rubutunmu ba ya nuna karin sauti, don haka "makaranta" wurin karatu da "makaranta" masu karatu siffarsu ɗaya a takarda, jimla ce ke raba gardama. Gara yaro ya ji wannan daga bakin malami, da ya faɗa ramin shi kaɗai.

Kada wani ya ɗauka wannan sabon salo ne daga Turai. Malaman zaure sun daɗe suna koyar da sarfu, wato yadda kalmomin Larabci ke tsirowa daga saiwa mai haruffa uku, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa littafi sukutum a kai, Hisnur Rasin. Harshenmu ne kawai ba mu yi wa wannan gata a ƙananan azuzuwa ba.

Bukatar ta fi tsanani a wannan yanki. A Guri, Birniwa da rugagen da ke fadamun Haɗeja zuwa Nguru akwai yaran da harshen gidansu Fulatanci ne ko Manganci ko Badanci, su kam jam'i irin gulbi da gulabe ko jirgi da jirage sai an nuna musu dalla-dalla. Ga kuma ambaliya, irin ta 2022, da kan mayar da azuzuwa sansanin waɗanda ruwa ya kora, a yi asarar makonnin karatu. Inda lokaci ya yi ƙaranci, darasin da ke buɗe kalmomi da yawa a zama ɗaya shi ya fi cancanta, kuma allo da alli sun ishe shi.

Kira a nan ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa: a sanya ƙirar kalma cikin horon malaman aji biyu zuwa huɗu, a tanadar musu jerin kalmomi daga su, noma, kiwo da kasuwa, a ware mata ko da minti goma a kowane darasin Hausa.