Babban Inji a Tsohuwar Jif: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Kwance Noti

Tsofaffin motoci masu jan taya huɗu, irin su Jeep da Land Rover da Land Cruiser, an ƙera su ne don shiga daji da hawa tudu, ba don tsere a kan kwalta ba. Jif ɗin Willys da sojojin Amurka suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita, injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60 kacal. Da manyan tituna suka yawaita a Amurka, sai masu waɗannan motoci suka ga kowa yana wuce su. Daga nan aka fara ciro injinan manyan motocin alfarma ana dasawa a cikinsu.

Injin da ya fi yin suna a wannan harka shi ne V8 na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, musamman samfurinsa mai lita 5.7 na 1967. An ƙera shi da yawa, don haka ga araha, ga kayan gyara ko'ina. Masu Land Cruiser FJ40, wadda Toyota ta yi daga 1960 zuwa 1984, sun rungume shi ƙwarai, domin ya fi injinta na asali mai silinda shida ƙarfi, kuma bai kai shi nauyi ba.

Sai dai inji ba ya aiki shi kaɗai. Ƙarfinsa yana bi ta kulochi, ya shiga akwatin giya, ya wuce akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, ya bi farfela da aksil kafin ya kai taya. Kowane ɗayansu an auna shi ne da injin asali. Idan aka ninka ƙarfi aka bar su yadda suke, wanda ya fi rauni shi zai fara karyewa, kuma galibi a tsakiyar daji ko cikin taɓo, lokacin da direba ya taka totur. Sandar aksil ta tsohuwar Land Rover ta yi ƙaurin suna wajen tsinkewa ko da injinta na asali, balle da wanda ya ninka shi.

Kamfanonin da kansu sun san haka. A 1972, da AMC ta sa manyan injinanta a Jeep CJ-5, sai da ta ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya daga inci 81 zuwa 84, ta kuma sauya aksil na gaba. A 1979, da Land Rover ta sa V8 mai lita 3.5, wanda asalinsa na Buick ne, ta haɗa shi da akwatin giyar Range Rover, ta turo fuskar motar gaba don ya samu wuri, sannan da gangan ta rage masa ƙarfi zuwa doki 91. Wanda ya ƙera mota ma ya yi taka-tsantsan, ina ga mai gareji?

Akwai kuma zafi. Babban inji yana buƙatar babban lagireto da fanka mai ƙarfi, alhali ƙarƙashin bonet wuri ya ƙure. Jif tana yawan tafiya a hankali cikin yashi, iska ba ta kaɗa lagireto sosai, sai ruwa ya tafasa. Shan mai ma yakan ƙaru.

Mafi haɗari shi ne birki. Yawancin waɗannan motoci birkin ganga gare su, ga su dogaye sama, gajeru, masu saurin kifewa a kwana. Motar da aka ƙera don tafiyar kilomita 80 a awa, idan ta koma yin 130 da birkinta na da, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dole a gyara birki da sitiyari da sifirin tare da injin, a kuma tabbatar waldar mazaunin inji ta kama shasi da kyau.

Doka ma tana da ta cewa. A jihar Kalifoniya, motar da ake duba hayaƙinta ba a yarda a sa mata injin da ya girme ta ba. Masu sayen tsofaffin motoci don tarihi kuwa sun fi daraja wadda ke da injinta na asali, saboda haka dashe yana iya karya farashi.

A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, sayen injin Beljiyam a ɗora wa tsohuwar mota abu ne na yau da kullum. Kafin ka biya, tambayi bakanike: akwatin giya zai ɗauka? Lagireto zai isa? Birki zai tsayar da ita da kaya? Sannan a sabunta lambar inji a takardun mota. Idan kuɗinka na inji ne kawai, gara ka yi wa na asali garambawul.